Majo Tanimu da Ciwon Kan Zahara

A duk garin Tawa babu wanda ya san aikin likita kamar Tanimu ɗan kabu-kabu. Wanda ya ba da wannan shaida kuwa ba baƙo ba ne, Tanimu ne da bakinsa.

Shekara tara yana ajiye motonsa a ƙofar likitar unguwarsu, wato asibiti, ƙarƙashin wani iccen bedi, yana kwasar marasa lafiya yana kai su gida. Shi da lakwal, wato makarantar boko, tun a aji huɗu suka rabu, ba wanda ya yi wa wani ban kwana. Amma duk wanda ya hau bayansa sai ya tatse shi: mi anka ce maka, wace ƙwaya anka ba ka? Kafin su kai gida ya canza wa mutum cuta. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Majo, sunan da ake kiran shugaban ma'aikatan likita da shi. Su da tsiya suke faɗa, shi kuwa har ya sa aka rubuta masa a bayan moto da jan fenti.

Abu ɗaya Tanimu yake so fiye da surutu, ɗiyarsa Zahara, 'yar shekara tara. Sunan marigayiya mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai Uwata. Abu ɗaya kuma yake tsoro fiye da ɗan sandan hanya, surukarsa Inna Raƙiya ta Barmou. Tsohuwar mai ɗinkin hannu ce, idonta ya yi rauni, sai ta yi rabin wuni tana farautar kafar allura. Shekara biyu ke nan tana neman a ba ta riƙon Zahara ta zama idonta, Tanimu yana zillewa.

Ana nan sai ƙanwar Rahinatu, matarsa, ta haihu a Barmou. Ran Lahadi Rahinatu ta shirya, za ta zauna har suna. Zahara ba ta da halin bin ta saboda lakwal. A tasha, tana shirin shiga mota, ta juyo.

"Malam, Inna ta ba ni saƙo. Ta ce in na komo na iske yarinyar ga ko da mura, to magana ta ƙare, Barmou za ta koma."

"Mura? Gidan Majo?" Tanimu ya buga ƙirji. "Ko sauro ya zo ƙofata sai ya yi sallama ya jira izini. Ke dai tahi, za ki komo ki iske ta ta hi haka."

Da a nan ya tsaya da lafiya lau. Amma Lahadi ranar kasuwar Tawa ce, a hanyar komawa kuma ya bi ta gaban teburin mai tabarau. Ya taka birki har Zahara ta bugi bayansa. Ya tsuguna ya yi ta tono, ya zaro wani mai kauri kamar gindin kwalba.

"Wanga na dattawa ne, na karatu," in ji mai tebur.

"Shi nike so. Ilimin dattawa nike nema mata."

A ƙofar gida suka iske maƙwabcinsa Sule tela, wanda shagonsa ke manne da zauren Tanimu, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komi ba. Tanimu ya tsaya ya yi masa bayani.

"Shekara tara ina kallon masu shiga da hita. Mai shara ba shi da tabarau. Mai allura, wani na da, wani babu. Amma babban likita, ko wane ne, da tabarau nai. Mutane sun ɗauka karatu ke kawo tabarau. Ni na gano gaskiya: tabarau ke kawo karatu."

"Ashe da an sa maka shi aji huɗu, da yanzu kai ke mulkin ƙasa," in ji Sule.

"Da ma ka sani."

Ya ɗora wa Zahara, tabarau ya zamo har kan leɓe. Ya sake ɗorawa, ya sake zamowa. Sai ya yanko roba daga tsohuwar robar cikin taya, ya ɗaure hannuwan tabarau ta ƙeya, ya ja tamau kamar mai ɗaurin kaya.

"Baba, ƙasa na tasowa."

"Haka masu ilimi ke ganin ta, Uwata. Ɗaga ƙafa. Kuma kada ki hidda shi sai barci da alwala, in ba haka ba ilimin zubewa za shi yi."

Ran Litinin da azahar Zahara ta dawo daga lakwal hannu biyu a ka. Ta yi karo da randa, ta durƙusa ta gaida akuyar Sule da "ina wuni Baba Sule," sannan ta zube a tabarma.

"Baba, kaina kamar ana daka a ciki."

Wani uban da hankalinsa ya tashi. Tanimu kuwa tsalle ya yi.

"Ya kama aiki! Sule, kawo igiyar awo!"

Ya zagaya igiyar awon ɗinki a kan yarinya, ya karanta hamsin da biyu, ya rubuta da gawayi a bango.

"Ilimi ne ke shiga, ƙofa ta yi mishi ƙanƙanta. Gobe za ka ga ya ƙaru."

"Tanimu, inda kake ajiye moto da cikin likita taku goma ne. Kai ta ciki, Madam Salamatou ta duba ta."

"Salamatou? Wadda ran da ta fara aiki ni na nuna mata inda ƙofa take?"

Abin da bai faɗa ba shi ne rabin masu zuwa likitar nan mutanen Barmou ne. In aka ga Zahara a kan bencin marasa lafiya da safe, kafin la'asar Inna Raƙiya ta ji har da kalar zanen da ta ɗaura.

Maganin farko na albasa ne. Ran Talata da safe ya yanka manya biyu, ya jera a goshin yarinya, ya naɗe da ɗankwalin uwarta. Hawaye suka ɓalle mata ta ƙarƙashin tabarau.

"Ka gani? Cutar ke hita ta ido."

Ko ƙarfe tara ba a yi ba sai ga Zahara ta dawo. Mushe, malaminsu, ne ya koro ta, ya ce benci uku na kuka, shi kansa ba ya ganin abin da yake rubutawa a allo. Tanimu ya sake awo, a kan ɗankwali da albasa da komi, ya samu hamsin da biyar.

"Uku cikin kwana ɗaya! In anka yi wata haka sai an faɗaɗa ƙofar ɗaki."

Ciwo dai bai tafi ba. Sai ya laluba aljihu ya fito da wata jar ƙwaya, irin wadda yake saye a faranti a bakin tasha in bayansa ya ƙage. Yana miƙa wa Zahara, Sule ya yi tsalle daga kan keken ɗinki ya bugi hannunsa.

"Ba ka da hankali? Ƙwayar ƙato za ka ba ɗiya?"

Ƙwaya ta gangara cikin rairayi, zakaran Sule ya cafke ta. Aka zuba masa ido. Zakara ya yi taku uku, ya hau katanga, ya yi cara da rana tsaka sau goma sha ɗaya ba hutawa, har wani tsoho ya fito da buta yana tambaya ko asuba ce. Daga nan ya faɗo, ya kwanta rigingine, ƙafafu sama, bai farfaɗo ba sai magariba.

"To ga majinyacinka na farko," in ji Sule.

"Ai bai yi kukan ciwon kai ba."

Abin da ya ɗaure wa unguwa kai shi ne kullum da safe Zahara garau take tashi, ta share tsakar gida har da waƙa. Sai an ɗaura tabarau an yi sa'a guda, ta fara runtse ido. Ita kanta ta lura. Ran Laraba ta ce, "Baba, in na hidda shi ba ya ciwo."

"Dole mana. Moto ma in anka kashe shi inji ba ya zahi. Amma kuma ba ya tahiya."

Ta murza gefen zane. Can ta ce, "To zan daure. Kada dai Inna ta ji. Ni ba ni son barin ka."

Maganar ta soki Tanimu har sai da ya juya baya ya fyace hanci. Ya rantse a ransa yau sai ya kori ciwon nan ko da me. Matsalar Tanimu ke nan, in tausayi ya kama shi dabara ke ƙaruwa.

Ya tuna duk wanda aka kwantar a likita sai an rataya masa sirom, ruwan nan da ke ɗiga daga sama. Ya samo gorar roba, ya cika ta da ruwa da sukari, ya rataye a reshen bedin ƙofar gida. Allura dai ba shi da ita, saboda haka ta baki za a yi. Tiyo kuwa na isansi, wato man motonsa, ya zare, ya ɗauraye sau biyu. Mata suka leƙo ta katanga, mai shayin bakin titi ya baro tukunyarsa ya matso.

Zahara ta sunsuna bakin tiyo ta kau da kai.

"Wari shikai, Baba."

"Warin magani ne. Dubi ki gani."

Ya kafa baki ya zuƙa da ƙarfi irin na mai son ba da misali. Idanunsa suka yi ja. Ya haɗiye don kada a yi masa dariya, ya ɗaga babban yatsa, sai ga wata gyatsa mai tsawo ta ƙwace masa.

"Jama'a, kowa ya kashe taba!" Sule ya yi ihu. "Mai shayi, ja murhunka baya, Majo ya sha cikin tanki!"

Yinin ranar duk inda Tanimu ya buɗe baki sai mutane su dare. Amma bai karaya ba. Da la'asar ya tsaya gaban shagon Sule ya yi shela.

"Na gano ta. Ƙwaƙwalwa inji ce, ta yi aiki ta ɗau zahi. Gobe da hantsi zan sanyaya ta, a gaban kowa. Wanda ke son koyon aiki shi zo da wuri."

Sule ya tashi daga kan keken ɗinki. Ya shiga bayan shago, ya ciro salula, ya kira Barmou.

Ran Alhamis da hantsi ƙofar gida ta cika, har da 'yan kabu-kabu shida da suka bar aiki don kallo. Tanimu yana da kaske, hular kwanon nan ta masu moto, wadda tun da ya saye ta bai taɓa sawa ba, a hannun moto take rataye saboda 'yan sanda. Ya sayo ƙanƙara, ya farfasa, ya ƙulla a ledoji, ya jera a cikin kaske kamar mai shirya kifi.

Zahara ta ga abin da ke tafe ta ruga bayan Sule.

"Uwata, ba komi ba ne. Dubi, ni ma zan sa."

Ya ɗaga kaske sama don kowa ya gani, ya kifa a kansa. Ta tsaya a kunne. Ya sa hannu biyu ya danna, ta wuce da wani sauti, ƙum. Ya ja maɗaurin haɓa, tsohon ƙarfen da ya yi tsatsa ya ce ƙyas.

"Kai, daɗi!" muryarsa ta fito daga ciki kamar daga rijiya. "Kamar ofishin gwamna. Yanzu haka ina jin lissahin da na mance tun aji uku shina komowa."

Ya yi taku biyu yana murmushi. A na uku murmushin ya tsaya.

"Sule."

"Na'am, Majo."

"Sule, kaina."

"Ilimi ne ke shiga."

"Sule, don girman Allah, ƙusa ake buga min a goshi!"

Ya ja maɗauri, ya ƙi. Ya ja kaske, kunnuwa suka ƙi. Mai shayi ya riƙe ƙugunsa, 'yan kabu-kabu biyu suka kama kaske, aka ce ɗaya, biyu, uku. Su duka huɗu suka zube a kan akuyar Sule, kaske na nan daram. Wani ya ce a zuba man gyaɗa, wani ya ce a kira maƙeri, wata tsohuwa ta ce a bar shi haka, ya fi kyau.

Ana cikin haka wasu kabu-kabu biyu suka tsaya. Rahinatu ta sauko daga ɗaya. Daga ɗayan kuwa, a hankali, da sanda, Inna Raƙiya.

Duk abin da ke kan mutum, surukuwa sai an durƙusa mata. Tanimu ya zube gwiwa biyu a gabanta, ruwan ƙanƙara na tsiyaya ta wuyan riga, haƙora na kaɗawa.

"I-Inna, kun zo lahiya?"

Tsohuwa ta ƙanƙance ido. "Lahiya lau, soja. Mi anka yi a gidan ga?"

"Inna, uban Zahara ne," in ji Rahinatu, murya can ƙasa.

"A'a. To ina Zahara?"

Aka turo yarinya, da tabarau, da roba, da sauran warin albasa. Inna Raƙiya ta shafa kanta, yatsunta suka ci karo da robar taya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mu tahi likita. Ku jawo sojan shi ma."

Haka aka yi jerin gwano a titi: tsohuwa da jika a gaba, Rahinatu na biye tana rufe fuska da mayafi, Sule na jan Tanimu da hannu, 'yan kabu-kabu na bin su a hankali suna busa oda kamar rakiyar biki. Aka wuce ƙarƙashin bedin da Tanimu ya shekara tara yana koyar da aikin likita, aka shiga ƙofar da bai taɓa wucewa ba.

Madam Salamatou ta dubi mai kaske, ta dubi yarinya, ta zaɓi yarinya. Ta zaunar da ita, ta sa mata ma'aunin zafi.

"Jikinta ya yi zahi cikin kwanakin nan?"

"A'a," in ji kaske. "Amma ƙwaƙwalwa..."

"Ba kai na tambaya ba tukuna. Zahara, kin yi amai? Kin faɗi kin bugi kai? Sunkuyar da kai, haɓa ta taɓa ƙirji. Wuyan na ciwo?"

Duk a'a. Ta tambaye ta ko tana karyawa kafin lakwal, ko tana shan ruwa, ko tana barci sosai. Ta tsaga mata yatsa ta gwada jini, babu zazzaɓin cizon sauro.

"To yaushe ciwon ke zuwa?"

Zahara ta saci kallon ubanta. "In na sa tabarau."

"Wa ya rubuta miki shi?"

Taga cike take da kawunan 'yan kabu-kabu. Baki ɗaya suka amsa, "Majo!"

Madam ta ɗauki almakashi ta datse roba. Shatinta ya fito a gefen kan yarinya kamar hanyar keke a rairayi. Ta ɗaga tabarau ta leƙa ta ciki, ta yi saurin kau da kai. Ta nuna wa Zahara baƙaƙen da ke manne a bango, yarinya ta karanta har na can ƙasa ƙanana ba gargada.

"Idonta ya hi na kowa a ɗakin ga. Wanga tabarau na mai shekara sittin ne. Kwana huɗu ka sa ido mai lahiya shina kokawa, ga roba ta matse kai. Ko jaki ka yi wa haka sai kai nai ya yi ciwo." Ta juya ga Rahinatu. "Ta sha ruwa, ta kwanta inuwa, gobe ta warke. Amma ku ji: in yaro ya yi ciwon kai da zahin jiki, ko amai, ko wuya ya sanƙare, ko shina ta barci ba ya son tashi, a kawo shi nan take. Kuma ba a ba yaro ƙwayar manya."

"Zakara ma ba a ba shi," in ji Sule.

Madam ta datse maɗaurin kaske. Ƙanƙara ta riga ta narke, saboda haka da ja ɗaya ta fito, ledoji suka fashe, ruwa ya wanke Majo har cikin wando. Kunnuwansa sun yi jawur, leɓe ya yi toka. Madam ta miƙa masa ƙwaya guda da kofin ruwa.

"Kai ne mai ciwon kan gaske yau. Sha. Wagga ta manya ce."

Taga ta fashe da dariya. Tanimu bai ji ta ba, don Inna Raƙiya ta riga ta buga sanda a ƙasa.

"Rahinatu, in munka koma gida ki haɗa mata kaya."

Zahara ta fashe da kuka ta riƙe jiƙaƙƙiyar rigar ubanta. Tanimu ya buɗe baki, karo na farko a tarihin Tawa babu abin da ya fito. Ya rarrafa ya tsuguna dab da ƙafar tsohuwa.

"Inna, ku yi min komi, amma ku bar min uwata."

"In bar maka ita ka sa ta a firji? Miƙo min abin nan in ga mi ya kusa makantar min da jika."

Aka ba ta tabarau. Ta jujjuya shi, ta ɗora a hanci don ta ji irin azabar. Ta ɗaga tafin hannunta ta daɗe tana kallo. Ta kamo gefen zanenta ta matso da shi.

"Rahinatu, wagga atamfa da kika saya min bara, ashe furanni ne? Ni duk zatona kaji ne."

Ta zare allura daga ɗankwali, ta tsinko zare a bakin mayafi, ta lasa, ta nufa. Sau ɗaya, zare ya wuce. Ta zare ta sake. Ya wuce. Ta sake na uku don kada a ce sa'a ce.

"Irin naku ne, Inna," in ji Madam. "Amma ku zo a auna idon a san wanda ya dace sosai."

Tsohuwa ta dubi Zahara ta saman tabarau. "Ke ƙawata, share hawaye. Mi zan yi da ke, ki cinye min tuwo, ga wanda ba ya ci ba ya sha? Zauna wurin ubanki." Sannan ta sunkuyo kan Tanimu da ke tsugune, ta ƙare masa kallo tun daga jan kunne har haɓa. "Ikon Allah. Ashe haka kake? Da da wanga abu na gan ka ran da ka zo neman aure, da an sha magana. To ka ji: in kanta ya sake ciwo, cikin ƙofa za ka kawo ta, ba bakin ƙofa ba."

"Na ji, Inna. Allah shi ƙara girma."

Natsuwar Tanimu ta kai daidai taku goma. Yana isa ƙarƙashin bedi ya matse rigarsa, ya dubi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya.

"To kun dai gani da idonku. Makanta ta shekara biyu, tabarau ɗaya, ko allura ban yi ba. Tun ran Lahadi na san na Inna ne, gwada shi nike yi. Wanda ke da tsohuwa a gida shi kawo min ita ran..."

Zahara ta ja hannunsa.

"Baba, kanka ya daina?"

Ya runtse ido, ya dafe goshi.

"Bai daina ba, Uwata."

"To in ka rufe bakin ba ya ciwo. Moto ma in anka kashe shi inji ba ya zahi."